Allunan Bayan Azahar

Yaya Habibu ne ya ja Baba ya yi maganar da bai saba yi ba. Ɗan yayar Baba ne, yana aikin ɗaukar kaya a wani babban sito a kan titin Wendover, kuma ya ji labarin cewa kamfanin fentin da Baba yake aiki yana neman mutum ɗaya a ɗakin gwaji. Wata Asabar cikin Janairu ya zo gidanmu a McLeansville da hantsi, ya tarar da Baba a gareji yana canza wa motar Mama birki. Ni ina gefe kusa da hita mai ɗumama ɗaki ina aikin makaranta, don a cikin gida ƙanena ya ƙure talabijin.

"Kawu, ka kai mini sunana mana," in ji Yaya Habibu. "Bayana ya gaji da kwalaye. Ku naku ai hutu ne. A shafa fenti a ƙarfe, a jefa a firiza, a koma a sha shayi."

Baba bai ɗago ba. "Wa ya gaya maka haka?"

"Ai a fili yake. Ko ni na yi wa ɗakina fenti bara."

"Na gani. Har yanzu yana ɓarewa a bayan ƙofa."

Ya goge hannu, ya miƙe, ya ɗauko wani abu naɗe da tsumma daga saman kanta. Allon ƙarfe ne, faɗinsa bai fi na littafin rubutu ba, an yi masa fenti ruwan toka. A tsakiyarsa fentin ya ɗaye, ƙarfen ya fito fili. Baba ya miƙa masa.

"Riƙe shi ta gefe. Wannan allon saura kaɗan ya raba ni da aikin da na yi shekara goma sha huɗu ina yi a lokacin. Zauna in gaya maka yadda aka yi, sannan ka sake cewa hutu ne."

Fentin da su Baba suke gwadawa ba na bangon ɗaki ba ne. Na jiragen ruwa ne masu ratsa ƙanƙara, da turakun lantarki, da manyan tankunan mai a garuruwan da ke can ƙarshen arewacin duniya, inda rana kan yi makonni ba ta fito ba. Baba bai taɓa zuwa can ba, bai kuma taɓa ganin fuskar mai saye ko ɗaya ba. Injiniyoyinsu suna aiko da takarda su ce ga sanyin da suke so fenti ya jure, ga gishirin teku, ga iska mai ɗauke da tsakuwar ƙanƙara. Masu haɗa sinadarai su haɗa, Baba ya gwada. In ya sa hannu, a cika durom-durom a aika.

"Ƙarfe yana tsukewa in ya ji sanyi," in ji Baba. "Fenti ma yana tsukewa, amma ba tare suke tafiya ba. Kowa da saurinsa. In fentin bai kama ƙarfen da kyau ba, nan za su rabu. Ruwa ya shiga, tsatsa ta bi, tanki ya huje. A wancan wurin in man ɗumama gida ya zube a tsakiyar sanyi, ba wata mota da za ta kawo wani. Babu ma hanyar."

Aikinsa na farko a kamfanin wanke allo ne. Wanda ya koya masa sana'ar wani dattijo ne mai suna Walta, baƙar fata, haifaffen gabashin Greensboro, wanda ya yi ritaya tun ina firamare. Wata huɗu Walta ya hana Baba taɓa bindigar feshi. Kullum sai dai ya ɗauki allo, ya wanke da wani ruwan sinadari mai hawa kai, ya goge da farin tsumma, ya juya bayansa ya rubuta lamba da rana da ƙarfe nawa. Baba ya ce har ya fara tunanin tsohon ba ya son sa ne. Wata rana ya manta bai rubuta lokaci a bayan alluna shida ba. Walta ya kwashe su duka ya zuba a kwandon shara a gabansa, bai ɗaga murya ba, ya ce allon da ba a san lokacinsa ba bai da amfani ga kowa.

Bayan wata huɗun ne ya fara ganin sauran kayan aikin. Akwai wata reza mai haƙora shida da ake tsaga fenti da ita a tsaye da kwance, ya zama kamar ƙananan gidajen dara, sai a manna salatif a fizge, a ƙirga gida nawa suka biyo shi. Akwai sandar ƙarfe da ake lanƙwasa allo a kanta a ga ko fentin zai tsage a gwiwar. Akwai dunƙulen ƙarfe da ake sakowa daga sama ta cikin bututu ya bugi allo. Akwai akwatin da ke fesa hazon gishiri dare da rana, da wani mai fitila da ke ƙona fenti kamar rana a kan dusar ƙanƙara. Sannan ɗakin sanyi, wanda Yaya Habibu ya kira firiza.

"Firizar gidanku wasan yara ce," in ji Baba. "Namu muna sauke shi digiri arba'in ƙasa da sifili, wani lokaci fiye. Biro ba ya rubutu a ciki, sai fensir. Gashin idonka yana mannewa. Minti kaɗan aka yarda ka yi, kuma dole wani ya tsaya a ƙofa yana kallonka ta gilashi. A cikin mintocin nan za ka lanƙwasa allo goma da safar hannu mai kauri kamar ta mai dambe, ba ka jin abin da ka riƙe. Allon kuma ba shiga ɗaya yake yi ba. Ya daskare, a fito da shi ya narke, a kai shi gishiri, a kai shi fitila, a mayar. Haka har sati goma sha biyu. Ba a yi masa gaggawa."

Muguwar shekarar ita ce shekara uku da suka wuce, ina 'yar shekara goma sha biyu. Wata mata mai suna Linda, ɗaya daga cikin masu haɗa sinadarai, ta yi shekara biyu tana haɗa wani sabon fenti. An saye shi tun kafin a gama, don tankunan man ɗumama gidaje na wani ƙauye a bakin tekun arewa. Jirgin kaya yana isa ƙauyen ne kawai in ƙanƙarar teku ta buɗe a tsakiyar shekara. In fentin bai hau jirgin ba, sai baɗi, kuma tankunan sun riga sun fara tsatsa.

Baba ya fara gwaji a farkon Janairu. Alluna ashirin ya shirya. A ɗaki mai ɗumi duk suka riƙe, ko gida ɗaya bai biyo salatif ba. Da suka yi sati uku suna shiga sanyi suna fita, sai kusan rabinsu suka fara ɗayewa. Sauran kuwa ƙalau. Fenti ɗaya, daga gwangwani ɗaya, ƙarfe ɗaya.

Linda ta ɗauka haɗinta ne ya yi tauri da yawa. Ta sassauta shi, Baba ya shirya sababbin alluna, aka sake jiran sati uku. Rabi suka ɗaye. Ta sake sassautawa. Manaja ya fara leƙowa ɗakin gwaji kullum da safe, abin da bai saba ba. Wata rana ya ce a gaban kowa, ko dai fentin ne ba shi da kyau, ko mai gwada shi, kuma kafin ƙarshen Afrilu yana so ya san wanne ne.

Mu a gida ba wanda ya gaya mana komai, amma ina gani. Baba zai dawo ya tsayar da mota a ƙofar gida, ya kashe inji, ya daɗe a zaune kafin ya fito. Yana barin rabin tuwonsa. In ƙanena ya tambaye shi abu da Turanci, sai ya amsa wani abin daban. Na kuma lura yana yawan kallon hannuwansa, amma wannan ban ɗauke shi a bakin komai ba, don kowace shekara lokacin sanyi hannuwan Baba suna tsagewa har su yi jini a gaɓoɓi. Shekarar nan ce ma suka yi sauƙi. Ƙanwar Mama ta aiko mata da man kaɗe daga Maradi, Mama ta ɗiba masa a wani ɗan gwangwanin alewa, yana yawo da shi a aljihun rigar sanyi.

"Wata ranar Juma'a," in ji Baba, "kowa ya tashi, na kwaso duk allunan na shimfiɗa a kan tebur. Waɗanda suka riƙe a dama, waɗanda suka ɗaye a hagu. Na yi ta kallon fuskarsu, ban ga komai ba. Sai na juya su. Na dama duka: ƙarfe tara, goma da rabi, sha ɗaya. Na hagu: biyu da kwata, biyu da rabi, uku. Babu ko ɗaya na safe da ya faɗi. Babu ko ɗaya na bayan Azahar da ya tsira."

"Injin feshin ne yake zafi da rana?" in ji Yaya Habibu.

"Shi na fara zargi. Na zargi iskar ɗakin, na zargi tsumma. Ina tuƙi zuwa gida ina ta lissafin abin da ke canzawa tsakanin safe da rana. Na tsaya a danja, na sa hannu a aljihu in ɗauko tishu, sai na taɓa gwangwanin."

Abin da Baba yake yi kullum shi ne, in lokacin Azahar ya yi, ya cire safar hannunsa ta roba ya yi alwala. Akwai wani ɗan lungu kusa da sito da kamfanin ya bar musu, shi da wasu 'yan Nijar biyu da ke ɓangaren lodi, su Malam Isa, nan suke sallah. In ya idar, hannu ya sha ruwan sanyi yana zogi, sai ya shafa man kaɗe. Ya koma ya zaro sabuwar safa daga kwali, da yatsun nan masu maiƙo. Ya kama bayanta ya ja ta hau hannu. Da safar ya ɗauki tsumman da ake yi wa allo gugar ƙarshe kafin feshi. Man da ido ba ya gani ya bi tsumma ya shimfiɗu a kan ƙarfen gaba ɗaya.

Washegari Asabar ya kira ni gareji. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini.

"Uwata, ɗauko buta."

Ya wanke guntayen ƙarfe biyu tas. Na farko ya goge shi da hannu busasshe a cikin safa. Na biyu ya shafa man, ya sa safa yadda ya saba, ya goge. Da ido ba ka bambanta su. Ya ce in zuba ruwa a hankali. A kan na farko ruwan ya kwanta shimfiɗe kamar leda. A kan na biyu ya tsattsage, ya dunƙule ƙanana-ƙanana, yana gudu yana barin wurare a bushe. Baba ya tsuguna yana kallo. Ruwan butar ya ƙare ban sani ba, ina ta karkata ta.

Mama ta ji labarin a kicin da rana, tana yanka albasa. Ta ajiye wuƙar.

"To Malam, ai an gano. Ka daina shafawa, ka sake gwajin, ya fito daidai. Wa ya tambaye ka?"

"Fentin da ke kan teburina yanzu shi ne na uku. Linda ta sassauta shi sau biyu saboda ƙaryar da alluna suka yi mata. In na yi shiru, na ukun zai ci jarrabawar sanyi, shi za a aika. Kuma ya yi laushi. Ƙanƙara za ta kankare shi cikin shekara biyu. Na farkon ne mai kyau."

"Ka ce mata ta koma na farkon."

"In ce mata saboda me?"

Mama ta sake ɗaukar wuƙar. Can ta ce, "Shekararka hamsin da ɗaya. In suka sallame ka, wa zai ɗauke ka? Kuma ka san abin da za su ce. Ba za su ce mai ba ne. Za su ce sallah ce."

"Na sani."

"Su Malam Isa ma a hana su lungun."

"Shi ma na sani, Hajiya."

Ranar Lahadi bayan La'asar ya zo da takarda. Baba lekol, wato bokon Faransanci, ya yi a Maradi, yana jin Turanci sarai amma rubutunsa yana karkata, don haka ni nake gyara masa wasiƙu. Ya zauna kusa da ni a teburin cin abinci, ina bugawa a kwamfuta yana faɗa. Ya jera lambobin allunan da lokutansu. Ya rubuta cewa laifin nasa ne shi kaɗai, fentin farko bai taɓa samun gwaji na gaskiya ba. Da muka zo wurin alwala na tsaya.

"Baba, in sa kawai bayan ka wanke hannu lokacin hutu?"

Ya daɗe yana kallon allon kwamfutar. "Sa yadda yake. In suka ji daga baya za su ce na ɓoye rabi, daga nan ba za su yarda da sauran rabin ba."

Na buga. Yatsuna suna ta kuskure ina gogewa. Ya karanta sau biyu, ya ninke takardar gida uku, ya sa a aljihun da gwangwanin yake zama. Gwangwanin kuma ya ɗora shi a saman firiji.

Ranar Litinin ban san abin da aka koyar ba a makaranta. Da na dawo na tarar Mama ta wanke labulen falo da ba su yi datti ba. Na zauna a bakin taga. A ƙasar nan wanda aka kora daga aiki da kwali yake fitowa, an zuba masa kofinsa da hotunan 'ya'yansa. Don haka ba fuskar Baba nake jiran gani ba, hannunsa nake jira. Motar ta shigo ƙarfe shida saura. Ya kashe inji. Ya zauna. Na ƙirga motoci tara sun wuce a titi kafin ya buɗe ƙofa. Ya fito da kular abincinsa kawai.

"Ba su kore ni ba," in ji Baba ga Yaya Habibu, "amma kada ka ɗauka an yi mini tafi. Manaja ya karanta takardar a tsaye. Linda ta ce in yi abin a gabanta. Na kawo ƙarfe biyu da ruwa na yi. Ta kalli ruwan yana gudu, ta ce, wata uku a banza. Shi ke nan abin da ta faɗa, ta fita. Ba ta sake gaishe ni ba sai da ganyen itatuwa ya fara zuba, wajen ƙarshen shekara. Manaja ya ce shekara ɗaya ba zan sa hannu a kan komai ba. Aka mayar da ni wanke allo, aikin da na fara da shi, ƙarƙashin yaron da ni na koya wa riƙe bindigar feshi."

"Lungun sallar fa?"

"Ba wanda ya taɓa shi. Sai dai an manna takarda a saman famfo, kada kowa ya shafa komai a hannu in zai shiga ɗakin gwaji. Ba a rubuta sunana ba. Ba a bukatar a rubuta."

Tun daga lokacin hannuwan Baba suke tsagewa kowace shekara, sai ya dawo gida yake shafa musu mai, da safe kuma ya wanke da sabulun wanke-wanke har sau uku. An mayar masa da sa hannunsa bayan shekarar ta cika. Yanzu kowane allo sai an zuba masa ruwa kafin feshi, safe ko rana.

Yaya Habibu ya juya allon da ke hannunsa. Na ga yana karanta bayansa. Ya mayar wa Baba a hankali, riƙe ta gefe.

"To ai Alhamdu lillahi, Kawu. Ya wuce. Fentin ya tafi ko?"

"Ya tafi. Aka koma haɗin farko. Amma daga ranar da na kai takardar zuwa ranar da dole a cika durom a kai tashar jirgi, sati bakwai ne. Gwajin sati goma sha biyu yake so. Aka rubuta wa masu sayen gaskiya, suka ce a aiko, ba su da shekarar jira. Alluna suka yi sati bakwai ba ko ɗaya da ya ɗaye. Wani ya sa hannu, aka loda."

"To shi ke nan mana."

Baba ya zaro wayarsa daga aljihu, ya buɗe wurin duba yanayi. Na san abin da ke ciki, don ina ganinsa yana dubawa kowace safiya kafin ya kurɓi shayi. Garuruwa uku ne: Greensboro, Maradi, da wani mai dogon suna da ban iya furtawa ba, wato ƙauyen da aka kai fentin. Ya juya wayar ya nuna wa Yaya Habibu.

"Talatin da takwas ƙasa da sifili, da iska. Gobe arba'in da huɗu. Wannan ne sanyinsu na uku da fentin." Ya kashe wayar ya riƙe ta a hannu. "Mu a sati na bakwai muka tsaya, Habibu. Abin da ke faruwa daga na takwas, su ne suke gwada mana shi yanzu, da 'ya'yansu a cikin ɗaki."